Shirin wankin ciki na kwana 14: ya dace da mai hawan jini?

Malamar firamare, Mabera

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina neman shawara a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na fi son in ji ta bakin waɗanda suka san harkar lafiya, ko waɗanda suka taɓa gwada abin da kansu, kafin in sa kuɗina da jikina a ciki.

Shekaruna 44, ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan cikin garin Sakkwato, kuma 'ya'yana shida. Tun bayan haihuwar autana jikina ya yi nauyi, tumbi ya fito, sannan a 'yan watannin nan kasala ta yi mini yawa, har ta kai idan na dawo daga makaranta da azahar ba na iya taɓuka komai sai na kwanta tukuna. Bayan gida ma yana ba ni wahala, domin nakan yi kwana uku ban zaga ba, ciki ya kumbura, abinci ya fita daga raina. Shekara uku ke nan da aka gano ina da hawan jini, kuma ina shan ƙwaya biyu kowace safiya, ɗaya daga cikinsu irin mai sa yawan fitsari ce.

A wajen wani biki a Arkilla na haɗu da wata 'yar uwar maigidana wadda na sani da jiki sosai, sai na ga ta faɗa, har zanen da ta ɗaura ya nuna. Da na tambaye ta sai ta ce wani shiri ta shiga na wanke jiki, wanda masu sayarwa ke kira ditoks, kuma ta WhatsApp ake yin odarsa a kan naira 38,000. Kwali ne ɗauke da shayi iri biyu, na safe da na dare. Kwana ukun farko ba a cin komai, sai ruwan da aka jiƙa lemun tsami da citta da kokwamba a ciki, daga nan a koma kankana da ganye har a cika kwana 14, babu tuwo, babu shinkafa, babu nama, babu mai. Ta ce tun daren farko cikinta ya riƙa murɗawa, ta zaga sau biyar ko shida kafin gari ya waye, mai sayarwar kuma ta ce mata wannan shi ne alamar cewa dattin da ya shekara da shekaru maƙale a hanji ya fara fita. Har ila yau mai sayarwar ta ce mai hawan jini yana iya ajiye ƙwayoyinsa a tsawon kwanakin, wai wankin da kansa zai sauko da jinin.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta sa na ja da baya. Abin da nake son sani shi ne, shin da gaske akwai dattin da ke taruwa a cikin mutum wanda sai an wanke shi da irin wannan shayi? Kuma mai irin lalurata za ta iya shiga shirin a wannan zafi na watan Afrilu? Idan kuwa bai dace ba, ku taimaka mini da abin da zan yi wa wannan kasala da taurin ciki, domin Allah ya sani na gaji da su.

Mai harhaɗa magunguna, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai ina roƙonki kada ki ajiye ƙwayoyinki ko da na yini ɗaya ne saboda maganar mai sayar da shayi. Hawan jini ba ya yin sallama idan zai tashi, mutum yana iya jin garau alhali jinin ya hau sosai, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kwasa zuwa asibiti da shanyewar ɓarin jiki mutane ne da suka daina shan magani saboda sun ji sauƙi, ko saboda wani ya ba su wani abu a madadinsa.

Game da dattin, jikin ɗan Adam yana da nasa masu shara, kuma ba sa hutawa dare da rana. Hanta tana karɓar abin da ya shigo jini daga hanji, ta sauya magunguna da sauran abubuwa masu cutarwa zuwa yanayin da jiki zai iya fitar da su ta fitsari ko ta bayan gida. Ƙoda biyu kuma suna tace ruwan jini da ya kai kimanin lita 180 a kowace rana, wato fiye da jarka bakwai masu cin lita 25 irin na 'yan ga-ruwa, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Fatar da ta shimfiɗe cikin hanji ita ma tana sabunta kanta a ƙasa da mako guda, saboda haka babu bangon da datti zai manne a jikinsa ya shekara. Likitocin da ke zura na'urar hangen cikin hanji suna ganin wurin da idonsu, kuma ba sa tarar da wancan tsohon datti da ake nunawa a hotunan talla. Idan hanta da ƙoda suna lafiya ba sa bukatar shayi ya taya su aiki, idan kuwa sun lalace, shayi ba ya gyara su, abin da ake yi wa mai lalatacciyar ƙoda shi ne wankin ƙoda da na'ura, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko kuma dashe.

Shayin dare da kika ambata, daga yadda kika siffanta aikinsa, ina kyautata zaton ganyen sanamaki ne a ciki, ɗan uwan filaskon da muka sani. Ki karɓi kwalin ki duba bayansa, akwai yiwuwar ki ga an rubuta Senna ko Cassia a jerin abubuwan da aka haɗa. Aikin wannan ganye shi ne ya tsokano babban hanji ya riƙa matsawa da ƙarfi, ya kuma hana shi tsotse ruwa yadda ya saba, shi ya sa bayan awa 8 zuwa 12 da sha sai murɗa da zawo su biyo baya. Abin da ya fita abincin jiya ne da na shekaranjiya haɗe da ruwan jiki da gishirin jiki. Duk wanda ya sha shi zai yi zawon, ko da yaro ne lafiyayye da bai taɓa cin maiƙo ba, don haka zawon ba shaida ba ne a kan cewa akwai datti.

A nan ne lamarinki ya bambanta da na mutum mai cikakkiyar lafiya. Ƙwayar da ke sa ki yawan fitsari, idan irin wadda aka fi bayarwa ce a nan, tana rage ruwa a jiki, tana kuma fitar da wani sinadari mai suna fotasiyam, wanda tsoka da zuciya suke dogara da shi wajen aiki. Zawo ma yana fitar da wannan sinadari. Ki haɗa su biyu, ki ƙara da kwana uku babu abinci, ki ƙara da zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a wannan wata, inda zufa kaɗai ta isa ta zuƙe mutum, sai ki ga an taru a kan ƙoda ta kowace fuska. Abin da ke biyo baya shi ne jiri, ɗaurewar tsoka, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, wani lokaci ma ƙoda ta tsaya cik na ɗan lokaci. Mai ciwon suga da ke shan ƙwaya ko allura, da mai juna biyu, da mai gyambon ciki, su ma shirin haɗari ne gare su.

Faɗawar da kika gani a jikin 'yar uwar maigidanki gaskiya ce, sikeli zai nuna ta ragu, amma yawancin abin da ya tafi ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka don ranar bukata, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Idan aka daina cin abinci sai jiki ya cinye ajiyar, ruwan ya fita, hanji kuma ya zama wayam, sai mutum ya ga kilo biyu ko uku sun tafi cikin 'yan kwanaki. Ranar da ya koma wa tuwo za su fara dawowa. A shekarar 2015 wasu masu bincike biyu a Ostireliya suka tattara abin da aka rubuta a kan irin waɗannan shirye-shirye na kasuwa, suka tarar babu wani ingantaccen gwaji da aka yi a kan mutane wanda ya nuna suna fitar da guba daga jiki.

Ba ina cewa babu guba a duniya ba. Akwai, kuma mu nan mun ga misalinta a maƙwabta. A shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, gubar dalma da ta fito daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Dubi yadda aka bi da ita: an san sunan gubar, an ɗebi jinin yara an auna yawanta, an kankare ƙasar gidajen da ta gurɓata aka zuba sabuwa, sannan ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba yaran wani magani na musamman da ke kama dalmar a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, aka riƙa sake awo ana ganin adadin yana sauka. Don haka duk wanda ya ce zai cire miki guba, ki tambaye shi wace guba ce, da wane gwaji aka gan ta, kuma da wane gwaji za a tabbatar ta fita. A shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa samun mai sayar da shayin wanki da ya amsa waɗannan tambayoyi ba.

Ko da kin ga lambar NAFDAC a jikin kwalin, ki lura cewa lambar da ake ba yawancin magungunan ganye tana ƙarewa da harafin L, kuma akan rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba.

Mai sayar da atamfa, Gidan Igwai

Yaya Malama, ni na sha, kuma abin da ya same ni ne zan gaya miki ba ji-ta-ji-ta ba. Bara war haka na sayi irin wannan shiri, nawa na kwana 10 ne, saboda bikin ƙanwata ya matso kuma ɗinkin da na bayar ya matse ni. Ba ni da hawan jini, ba ni da suga, shekaruna ma ba su kai naki ba.

Kwana biyun farko na ji jikina sakayau, na yi ta murna, har ina ba wasu labari. A rana ta uku kaina ya fara sarawa, bakina ya bushe, na lura fitsarina ya koma ja kamar ruwan shayi kuma ɗan kaɗan yake fita. Na kira wadda ta sayar mini, ta ce in daure, gubar ce take faɗa da maganin, in ma ƙara ganye ɗaya a shayin dare. Na ƙara. Washegari da hantsi ina tsaye a bakin murhu ina juya wa yara taliya, sai na ga bangon ɗakin girkin yana juyawa, na miƙa hannu zan dafa ƙofa ban kai ba. Ɗiyata ta fari ce ta janye tukunyar daga wuta, da ruwan zafin ya kwaro mini a ƙafa. A asibiti sai da aka ƙara mini ruwa leda huɗu, na kwana biyu, kuma likitan da ya duba sakamakon jinina ya ce ƙodata ta fara galabaita, Allah ya sa an kawo ni da wuri. Kuɗin da aka kashe ya fi na shayin.

Abin da ba a gaya wa mutum shi ne wahalar da ke zuwa bayan an daina. Na yi kusan mako biyu bayan gida ba ya zuwa da kansa, domin hanjin ya saba da a tunzura shi, kuma a lokacin ne zuciya take raya wa mutum ya koma wa shayin. Kilo huɗun da na rage kuwa kafin wata ya zagayo sun dawo.

Ban ga laifinki ba da abin ya ba ki sha'awa, domin mu mata mun san irin maganganun da ake jefa wa mutum a gidan biki a kan tumbi, wasu cikin raha, wasu da gayya. Abin da ya yi mini amfani daga baya ba shi da ko kwali. Na daina shan lemun kwalba da nake yi wa biyu a rana a shago, na rage sukarin da nake zuba wa fura da soɓo, na mayar da kwaɗon zogale ko na rama abincin rana sau uku a mako, na kuma riƙa cin wake da alayyafo fiye da da. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ni da maƙwabciyata mukan yi tafiyar rabin awa a cikin unguwa. A wata takwas na rage kilo shida, sannu a hankali, kuma har yau ba su dawo ba. Cikina ma ya daidaita, kusan kullum da safe nake zagawa.

Dattijo, Ƙofar Marke

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin ɗana mai harhaɗa magunguna, na kuma gamsu da mafi yawansa, sai dai ina so in yi gyara a wuri ɗaya don kada matasa su ɗauka cewa sanamaki da filasko abin banza ne ko abin gudu. Sanamaki ya zo a hadisi, malaman tibbi sun yi bayaninsa tun da daɗewa, kuma a nan ƙasar tamu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da abin da ya shafi basir da amfani da sanamaki wajen sassauta ciki. Ba baƙon abu ba ne da wani kamfani ya gano jiya.

Amma yadda muka ga iyayenmu suna yi ya sha bamban da abin da 'yata Malama ta siffanta. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan jiƙa filasko da tsamiya idan cikin mutum ya ɗaure ƙwarai, ta ba shi kofi ɗaya, sau ɗaya, a ranar da ba zai fita ko'ina ba. Idan cikin ya saki sai ta dama masa kunu mai ɗumi, da yamma a ba shi romo ko tuwo mai laushi da miyar kuka, shi ke nan an gama, wataƙila sai baɗi. Ba ta ba mai ciki, ba ta ba wanda ciwo ya kwantar, ba ta ba tsoho mai rauni, kuma ban taɓa ganin ta haɗa wa mutum shi da yunwa ba. A ce mutum ya sha mai sa zawo dare 14 a jere, cikin bazara, babu abinci, wannan ba gadonmu ba ne, kuma duk mai maganin gargajiya na ƙwarai zai ce maka ganganci ne. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da na lura da shi a tsawon rayuwata shi ne cimarmu ce ta sauya. A da geron fura da na tuwo ba a surfe shi ya yi fari fat, dawa ma haka, kuma miyar kuka da kuɓewa da sure da lalo ba sa yankewa a gida. Ga aikin ƙarfi, ga tafiyar ƙasa, daga cikin gari har fadamar Rima mutum yana takawa. Yau an koma farar shinkafa da taliya da burodi, miya ta cika da mai da ɗanɗano, ko masallacin unguwa sai an hau babur. Ciki ba zai ƙi ɗaurewa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mana nuni da a kasa ciki kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kuma Alƙur'ani ya ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna. Wanda ya riƙi wannan a kullum, ya ƙara da azumin Litinin da Alhamis idan lafiyarsa ta ba shi dama, ya ba cikinsa hutun da ya dace.

Ina kuma da ƙorafi a kan ɓangarenku, ɗana. Abin da ke tura mutane wajen masu shayi da masu lasifika a bakin kasuwa shi ne su suna saurare, suna ba mutum lokaci, suna yi masa bayani ko da bayanin ƙarya ne. A asibiti kuwa mace za ta yini a layi, ta shiga a rubuta mata takarda cikin minti biyu, ba a tambaye ta yadda take barci ko yadda take zagawa ba. Shekara uku Malama tana shan ƙwaya, amma da alama babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata abin da ka rubuta yanzu.

Mai harhaɗa magunguna, Runjin Sambo

Baba, na karɓi gyara, kuma ƙorafinka gaskiya ne, laifin namu ne mu ma'aikatan lafiya. Sanamaki magani ne har a wajenmu, akwai shi a matsayin ƙwaya a kantin magani, yana ma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana ba da shi ne da awo, don taurin ciki, na 'yan kwanaki da ba su wuce mako guda ba sai da izinin likita, wanda hakan ya yi kusa da yadda ka ce Hajiya mahaifiyarka take yi.

Malama, na bar tambayarki ta ƙarshe ban amsa ba, alhali ita ce ta fi muhimmanci. Ruwa ba ya tsami banza, kasalar da ta kai wata da watanni tana da dalili, kuma dalilin yakan fito a gwaji. Ki koma wajen likitan da ke duba hawan jininki, ki tafi da kwalayen ƙwayoyinki, ki gaya masa kasalar da taurin cikin dalla-dalla, ki roƙi a auna yawan jininki, da suga, da aikin ƙoda tare da gishirin jini. Dalilin da ya sa na nace a kan na ƙarshen shi ne ita kanta ƙwayar fitsarin tana iya saukar da fotasiyam, kuma ƙarancinsa yana kawo daidai abin da kike kuka da shi, wato mutuwar jiki da ɗaurewar ciki. Ƙarancin jini ma ya zama ruwan dare ga mata masu shekarunki, musamman idan al'ada tana zuba da yawa.

Idan ana maganar kare hanta, abin da ya fi kowane shayi shi ne gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ke iya zama a jiki shekaru ba tare da alama ba. Allurar rigakafinsa ta shiga jadawalin rigakafin yara a Nijeriya a 2004, saboda haka mu da aka haifa kafin nan yawancinmu ba mu samu ba, kuma wanda gwaji ya nuna ba ya ɗauke da cutar yana iya yin allurar yanzu. Sai kuma gyaɗa da masara da suka yi hunhuna saboda an adana su da laima, domin suna ɗauke da wata guba mai suna aflatoksin da ke haddasa sankarar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A tsince masu baƙi da masu ɗaci a zubar, kada a niƙa su cikin ƙuli-ƙuli ko kunu. A kuma guji shan maganin ciwon jiki barkatai, musamman haɗin da ake ƙullawa a leda, domin irinsu diclofenac da ibuprofen suna cutar da ƙodar mai hawan jini.

A ɓangaren abinci, abin da ƙanwarmu ta Gidan Igwai ta yi shi ne daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar ganye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400 a rana, gishiri ƙasa da giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, da motsa jiki na minti 150 a mako. Ki tuna cewa dunƙulen ɗanɗano da kanwa su ma suna cikin lissafin gishiri. Ruwa kuma ki sha har fitsarinki ya zama fari-fari, sai fa idan likita ya ƙayyade miki. Lemun tsami da citta da kokwamba babu laifi a sha su, abinci ne, matsalar ita ce a mayar da su madadin abinci. Idan kuwa kika ga jini a bayan gida, ko rama ba tare da dalili ba, ko taurin cikin ya ƙi ji bayan kin gyara cima, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma asibiti nan take.

Malamar firamare, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan mahaifiyar Baba. Na jinkirta amsa ne don ina so in dawo da labari. Ranar Talata na je asibiti da ƙwayoyina a jaka, na yi wa likita bayani kamar yadda aka ce, kuma wannan karon ban bari an sallame ni ba sai da na faɗi duk abin da ke damuna. Gwaji ya nuna ina da ƙarancin jini, fotasiyam ɗin ma ya ɗan sauka, suga da ƙoda kuwa lafiya lau, alhamdu lillahi. An sauya mini ƙwayar fitsarin da wata, an ba ni maganin ƙarin jini, likitan ya kuma gargaɗe ni cewa shi ma yana iya ɗaure ciki ya mayar da bayan gida baƙi, don haka in yawaita ganye da ruwa, in dawo bayan mako huɗu. Gwajin hanta sai ƙarshen wata idan an yi albashi, kuma maigidana ya ce tare za mu je.

Na sa an turo mini hoton bayan kwalin, kuma Senna ce ta farko a jerin abin da ke cikin shayin dare. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne 'yar uwar tamu ta riga ta karɓi kwali na biyu, tana shirin farawa ranar Asabar, ga ta da goyon wata bakwai, kuma mahaifiyarta mai ciwon suga ta ce ita ma a sayo mata. Gobe in sha Allahu idan na tashi daga makaranta zan wuce Arkilla in same su su biyun, in karanta masu abin da kuka rubuta, musamman labarin ƙanwata ta Gidan Igwai. Malam mai harhaɗa magunguna, idan akwai wani abu na musamman da ya kamata in gaya wa mai shayarwar game da nono da jaririn, don Allah ka rubuto kafin azahar ɗin gobe.